TARIHIN AZURFAR AGADAS: ABIN DA YA KAMATA MU SANI KAFIN MU SAYAR

 

A wannan fitowa, shafin tarihi zai yi magana a kan azurfa. Da wuya a sami gida a garinmu wanda babu ɗan ƙunshi a ƙasan akwati ko cikin jakar fata: mundaye, zobba, ƴan kunne masu nauyi, layar azurfa, ko abin wuyan nan da Abzinawa ke kira tanagilt, wanda Faransawa suka sa wa suna "croix d'Agadez". Ƙunshin nan ba ya fitowa sai ran wuya: an yi rasuwa za a raba gado, ko ciwo ya kwantar da wani, ko yaro na neman kuɗin mota. Ran nan dillali zai zo, ya jinjina kayan a tafin hannu, ya faɗi kuɗinsa, mu kuwa mu ce Allah ya sa albarka, domin ba mu da abin da za mu auna maganarsa da shi.

Abin da muke so mu nuna shi ne, tsohuwar azurfa kuɗi uku gare ta. Akwai kuɗin nauyi, akwai kuɗin aikin maƙeri, akwai kuma kuɗin asali, wato sanin wanda ya ƙera, da wadda ta sa, da zamanin da aka yi. Tarihi ya nuna sau da yawa na farko kaɗai ake biyan mu, wani lokaci ma bai cika ba, sauran biyun kuwa wasu ne ke karɓa a wani wuri.

DAGA INA AZURFAR TA ZO?

Ƙasar Abzin Allah ya yi mata albarkar ƙasa. An narka jan ƙarfe a Azelik tun zamanin da, har matafiyin nan Ibn Batuta ya ba da labarin Takadda da ya ziyarta a 1353. Akwai gishiri a Tagidda, akwai kuza a Elmiki, akwai gawayin ƙasa a Cirozerin, akwai iraniyom a Arlit. Amma azurfar da ke wuyan iyayenmu ba a ƙasarmu aka haƙo ta ba. Bisa raƙumi ta zo, kuma da siffar kuɗi ta zo. Ita kanta kalmar azurfa daga bakin Abzinawa Hausa ta aro ta, su "azref" suke cewa, wannan ma ya isa ya nuna hanyar da ta biyo.

Tun ƙarni na 15 da sarautar Abzin ta zauna a Agadas, garin ya zama zangon ayarin da ke tashi daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas da Gat, ya gangara Katsina da Kano. Cikin kayan da fatake ke kawowa a ƙarni na 19 akwai wani babban kuɗin azurfa mai hoton wata mace, wanda kakanninmu ke kira riyal ko liyari. Macen nan ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Otirish, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. A ƙasarsu sunan kuɗin "tala", kuma daga wannan suna ne kalmar dala ta samo tushe. Nauyin riyal ɗaya garam 28 ne, kuma cikin kowane kashi 1000 na jikinsa, kashi 833 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Wato kowane riyal na ɗauke da azurfa tsantsa garam 23 da ƴan kai.

A nan akwai abin lura, domin an sha cutar mutane da shi. Bayan rasuwar sarauniyar an ci gaba da buga kuɗin da shekarar 1780 a jikinsa, ba a sake ta ba. An buga shi a Biyana, daga baya an buga a Rum, Landan, Paris, Burusel da Bombai, kuma gidan buga kuɗi na Biyana bai daina ba. Saboda haka ganin 1780 a jikin riyal ba shi ne shaidar tsufa ba. Mai saye kada ya biya kuɗin shekara ɗari biyu don lambar nan kawai, mai sayarwa kuma kada ya sa ransa a kanta.

Baturen nan ɗan Jamus, Henri Bart, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya zauna a Agadas cikin watan Oktoba na 1850. Ya ƙiyasta mutanen garin kamar 7,000, ya kuma tarar gero da tufafi ne abin musaya a kasuwa. Da ya isa Kano a 1851 ya tarar ana canjin riyal ɗaya a kan wuri 2,500. Wannan ya nuna mana cewa a Abzin riyal ba kuɗin cefane ba ne. Wanda ya samu, maƙera yake kai shi, a narke, a mayar da shi munduwa. Dukiyar namiji tana tafiya da ƙafa huɗu, fari na iya kashe ta, mahara na iya kore ta. Dukiyar mace kuwa tana hannunta da wuyanta, ba ta cin ciyawa, ba ta shan ruwa, kuma tata ce ita kaɗai, miji ba shi da iko da ita.

Da Faransawa suka kafa bariki a Agadas a 1906, suka ɗora lanho, sai wani kuɗin azurfa ya yawaita: babban sulen tamma biyar, mai nauyin garam 25, kashi 900 cikin 1000. Shi ne muka riƙa kira dala, shi ya sa har yau tamma biyar ɗin sefa dala muke ce mata, ko da yake ba ta da ko ƙwayar azurfa. Ƙananan sulallansu na tamma ɗaya da tamma biyu kashi 835 ne. Daga kudu kuma, masu kai gishiri da dabino Kano suna dawowa da sule da fataka na Ingilishi. Waɗanda aka buga don Afirka ta Yamma daga 1913 kashi 925 ne, irin wadda Ingilishi ke kira sitalin, amma a 1920 aka rage su zuwa kashi 500, sa'an nan aka koma farar tagulla gaba ɗaya.

To, duk waɗannan a tukunya ɗaya maƙeri ke zuba su, wani lokaci ya ƙara guntun tsohuwar munduwa da ta karye, ko ɗan jan ƙarfe don kayan su yi ƙwari. Shi ya sa tsohuwar azurfarmu ba awo ɗaya ba ce. Ta ƙwarai takan faɗa tsakanin kashi 800 da 900, akwai kuma wadda ba ta kai haka ba.

MAƘERA DA AIKINSU

Maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, gadon sana'ar suke yi. Namiji na aikin ƙarfe da itace, matarsa na aikin fata. A da kowane babban gida na da maƙeransa, su ne masu ƙera takobi da sirdin raƙumi, su ne ƴan aike wajen neman aure, su ne masu waƙa ran biki. Ba kanti suke da shi ba. Mai kaya ke kawo riyal ɗinsa, a auna a gabansa, in an gama aiki a sake aunawa, ya biya lada da gero, ko akuya, ko tufafi.

Yadda ake yin tanagilt ya kamata kowa ya sani, domin a nan kuɗin aiki yake. Maƙeri zai murza kakin zuma ya fitar da siffar abin, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bar ƴar kafa. In ya bushe sai ya gasa a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Sa'an nan ya hura zugazugi har azurfa ta zama ruwa, abin da ke bukatar zafin da ya kusa digiri 1000, ya ɗura ta cikin gurbin. In ta huce sai ya fasa yumɓun. Daga nan aikin magagari ya fara, da zane da ɗan ƙarfe mai tsini, layi bayan layi. Tun da an fasa yumɓun, ba a sake zuba wata a cikinsa, don haka ba a samun tsofaffin tanagilt biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Sunan ma daga kalmar zubawa ya fito a Tamashek.

Ban da ita akwai layar azurfa mai kusurwa huɗu, wadda ake yi da fallen azurfa a sa rubutu a ciki, akwai manyan ƴan kunne da ake kira tizabaten, akwai kuma ta Ingal mai jan dutse a tsakiya. Jan dutsen nan, danginsu talhatana, shi ma baƙo ne: da fari daga Kambai ta ƙasar Indiya ake kawo shi, a ƙarni na 19 garin Idar-Obashtain na Jamus ya karɓe kasuwar, daga baya aka riƙa yin na gilashi a Bohemiya. Na dutse ya fi na gilashi kuɗi nesa ba kusa ba.

Turawa sun yi rubutu da yawa a kan tanagilt. Faransis Rod, wanda ya zagaya Abzin a 1922, ya kawo ta cikin littafinsa na 1926. Raymon Moni ya yi nazarin asalinta a 1954. Jan Gabus na ƙasar Suwis ya tara kayan Sahara tun shekarun 1940, suna gidan tarihi na Nushatel. Jerin nan kuwa na guda 21 da ake sayarwa cikin allo, kowace da sunan gari, Timiya, Bilma, Madawa, Abalak, Cintabaradan da sauransu, tsari ne na baya-bayan nan da ya bunƙasa tare da kasuwar baƙi. Waɗanda aka daɗe da sani ba su da yawa, irin su ta Agadas, ta Iferwan, ta Tawa da ta Ingal. Haka kuma labarin da ake ba baƙi, cewa uba ke ba ɗansa ita a matsayin kusurwoyin duniya huɗu, ya fi yawo a bakin masu sayarwa. Mu dai a wuyan mata muka tashi muka gan ta.

LOKUTAN DA AZURFA TA BAR GIDA

In muka bi tarihi za mu ga azurfa ba ta fita hannunmu sai tare da masifa.

Na farko shi ne yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Ta zo daidai lokacin da hanyar Tarabulus ke mutuwa, domin Italiya ta kama Tarabulus a 1911, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a shekarar nan, kaya suka koma bin teku. Ba a farfaɗo ba sai ga yaƙin Kawsan. Daga Disamba 1916 zuwa farkon Maris 1917, shi da Sarkin Abzin Tagama suka tsare barikin Agadas. Da sojojin Faransa suka iso daga Damagaram, aka kashe mutane da yawa har da malamai, aka kwashe dabbobi, jama'a suka watse zuwa Damargu da ƙasar Kano. Wanda ya gudu da munduwar matarsa, ita ya mayar gero a hanya. Yawancin azurfar wancan zamani narke ta aka yi, shi ya sa kayan da suka girmi 1917 ke da wuyar samu, kuma duk gidan da ke da irinsu ya san yana riƙe da abu mai daraja.

Na biyu shi ne farin 1973 zuwa 1974, wanda dattawanmu suka gani da idonsu. Dabbobi suka ƙare, makiyaya suka cika bakin Agadas da sansanin Lazare kusa da Yamai. A wannan karo akwai sabon mai saye. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da iraniyom a Arlit a 1971, Turawa ma'aikata sun yawaita, masu ratsa Sahara da mota suna sauka daga Tamanrasat. Mace ta ba da abin wuyan kakarta a kan tiya kaɗan na hatsi, dillali ya kai wa Bature, Bature ya kai Paris. Ba narkewa aka yi ba wannan karo, ajiyewa aka yi cikin gilashi. Farin 1984 zuwa 1985, wanda ake kira El Buhari don ya zo lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, ya kwashe abin da na farko ya rage.

Na uku ba yunwa ba ce, sauyin ado ne. Kuɗin iraniyom, da zuwa Makka, da aikin Libiya suka kawo zinariya. Abzinawan da ba sa son zinariya, azurfa suke ɗauka ƙarfe mai albarka, amma ƴan matan birni suka ce azurfa kayan tsofaffi ce. Mata da yawa suka kai ta kasuwa da nauyi don su cika kuɗin sarƙar zinariya.

KASUWAR BAƘI

Su kuma maƙera, da iyayen gidansu suka talauce, sai suka juya wajen baƙi. Gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, da ƙoƙarin Bubu Hama da Pablo Tuse, ya ba masu sana'ar hannu rumfuna. Tseren motocin Paris-Dakar ya fara ratsa Agadas a 1979, aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, kamfanonin yawon buɗe ido irin na Mano Dayak suka riƙa kawo baƙi. Maƙera suka koyi Faransanci, suka fara sayen azurfa sabuwa kashi 925 ko tsantsa, suka rage nauyin kaya don su dace da wuyan Baturiya, suka fara rubuta sunansu da Tifinar a bayan aiki. A shekarun 1990 kamfanin Hermès na Paris ya ba maƙeran Agadas aikin kawunan ɗamara na azurfa. A 2006 aka yi babban nunin kayan Abzinawa a jahar Kalifoniya ta Amurka, aikin maƙeran Agadas na ciki. Wannan abin alfahari ne, kuma ya ciyar da gidaje masu yawa.

Amma kasuwar ta zo da nata ciwo. Tun da baƙo na biyan tsoho fiye da sabo, sai aka koyi tsufar da sabo: a shafa masa toka da mai, a binne shi, a goge zanen da gangan. Aka kuma cika tebura da farin ƙarfen da Faransawa ke kira mayshor, haɗin jan ƙarfe da nikel da zink, wanda ba shi da azurfa ko kaɗan. Sa'an nan kasuwar ba ta da tabbas. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya kore baƙi. Karya darajar sefa a Janairu 1994 ta ninka kuɗin azurfar da ake shigowa da ita. Tawayen 2007 zuwa 2009, da sace Turawa a Arlit a Satumba 2010, suka sake rufe hanya, har shigar tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013 bai dawo da baƙi kamar da ba. Ciniki ya koma Yamai, da Turai, da intanet, inda mai kayan asali ba ya ganin kuɗin da aka sayar.

Kuɗin azurfa a kasuwar duniya shi ma hawa da sauka yake. A Janairu 1980 oza ɗaya, wato garam 31.1, ta kusa dalar Amurka 50, sa'an nan ta faɗi, ta yi shekarun 1990 tana wajen dala 5. Ta sake kusantar 50 a Afrilu 2011, ta wuce 50 a Oktoba 2025. Duk lokacin da ta hau, dillali ya riga mai kaya ji, kuma lokacin ne ake narka tsofaffin kaya, aikin shekara ɗari ya zama dunƙule cikin rabin sa'a.

YADDA ZA MU SAN ABIN DA KE HANNUNMU

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ga abin da kowa zai iya yi.

Da fari, awo. Tun da aka fara haƙar zinariya a Jado a 2014, ƙaramin sikeli mai batir ya wadata a Agadas. A auna kowane abu shi kaɗai, ban da zare da fata da duwatsu, a rubuta.

Na biyu, gwaji. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama jan ƙarfe da sanholo ma, don haka shi kaɗai bai isa ba. Gwajin da ya fi shi ne na ruwa, wanda ɗan lakkwal na aji shida zai iya. A ɗora kofin ruwa a kan sikeli, a mayar da shi sifiri. A ɗaure munduwa da zare, a nutsar da ita cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba, a karanta lambar. Sai a raba nauyinta na farko da wannan lamba. Misali, munduwa mai garam 102, ruwa ya nuna 10, an sami 10.2. Azurfa tsantsa 10.5 take bayarwa, ta riyal wajen 10.2, jan ƙarfe 8.9, mayshor ƙasa da 9, sanholo 2.7. Gwajin nan ba ya aiki a kan laya ko abu mai rami a ciki ko mai dutse, kuma darma na iya ruɗa shi don ta fi azurfa nauyi. In ana shakka a kai wa maƙeri amintacce ya goga a dutsen gwaji, amma a gefen da ba ya nunawa, kada a yarda a yanka.

Na uku, hatimi. Kayan Faransa na ɗauke da kan mace mai hular yaƙi, na Ingila na ɗauke da zaki. Maƙeranmu na da ba su buga lamba. Saboda haka in an nuna maka tanagilt an ce ta kaka da kakanni ce, ka ga 925 a bayanta, to sabuwa ce. Rashin lamba a jikin kayan gidanmu kuwa ba aibi ba ne, kada dillali ya rage kuɗi da wannan hujja.

Na huɗu, alamun tsufa. A duba inda zare ke wucewa, shekaru kan cinye wurin ya sirance ta gefe ɗaya. A duba bayan da ke gogar jiki, yakan yi santsi. Zane yakan dushe a tudu ya rage a kwari. Tsufan ƙarya ko'ina ɗaya yake. Don haka muna roƙon iyayenmu mata, kada a kankare tsohon kaya da toka ko yashi don ya yi haske kafin a kai kasuwa. Baƙin nan da ke cikin zane shaida ne, wanda ya goge shi ya goge kuɗinsa.

Na biyar, lissafi. A tambayi kuɗin oza na ranar, a raba da 31.1, a mayar sefa. Mu ɗauka, don misali kawai, garam ɗaya ya kama jikka ɗaya. Mundaye biyu masu garam 200 na azurfar riyal suna da tsantsa wajen garam 166, wato jikka 166. Mai saye zai cire ribarsa da ladan narkewa, wannan haƙƙinsa ne, amma lissafin nan shi ne gindin ciniki. Daga nan ake hawa, a sa kuɗin aiki, a sa kuɗin asali. Munduwa lami marar zane ba ta wuce nauyinta da yawa. Laya ko tanagilt mai kyakkyawan zane, wadda aka san tarihinta, ba a sayar da ita da awo sam.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Kuɗin asali shi ne wanda ya fi saurin ɓacewa, domin a kan dattawa yake, ba a jikin ƙarfe ba. Ranar da tsohuwa ta rasu ba a tambaye ta ba, munduwarta ta zama garam kawai. Muna ganin ya kamata ƙungiya ta sayi sikeli ɗaya da babban kaye ɗaya, a ajiye wurin ma'aji. Duk gidan da ya yarda, a rubuta kowane abu: nauyinsa, sunan mai shi, wanda ya ba ta, maƙerin da ya yi in an tuna, da abin da ya faru a shekarar, ko kafin Kawsan ne, ko bayan farin 1973. A ɗauki hoto gaba da baya. Malaman lakkwal a shirye suke su yi rubutun lokacin hutu. Abin da aka rubuta sirrin gidan ne, ba za a karanta a taro ba.

Ga ƴan'uwa da ke waje, in an bugo waya ana neman izinin sayarwa, ku ce a dakata a auna, a ji bakin mutum uku. Wanda ke Yamai ya zagaya shagunan Shato da rumfunan Wadata ya ji yadda ake sayar da irinsu, wanda ke Kano ya leƙa kasuwar Kurmi. In bukata ta gaggawa ce, a fara neman rance a asusun ƙungiya, ko a sayar wa ɗan dangi, kayan su tsaya cikin zuri'a. Masu niyyar fita da tsofaffin kaya waje su sani akwai dokar 1997 mai kare kayan tarihin ƙasa, su nemi bayani kafin su kai iyaka.

Kada kuma a taɓa kayan mamaciya kafin a raba gado, domin akwai haƙƙin marayu da na ƴaƴa mata a ciki. Malamanmu sun karantar da mu cewa musayar azurfa da azurfa sai awo ɗaya, hannu da hannu, kuma a mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba su da zakka, amma wanda aka ajiye don ciniki, in ya kai nisabi, dirhami 200, wajen garam 595, ya shekara, akwai zakka a kansa. Mai wannan hali ya tambayi liman.

Ba mu ce kada a sayar ba. Don ranar wuya iyayenmu suka tara, kuma munduwar da ta ceci rai ta biya bukatar da aka yi ta dominta. Abin da muke cewa shi ne, a 1914 da 1974 da 1984 yunwa ce ta yanka kuɗin, ba a ba su damar ciniki ba. Mu da Allah ya ba sikeli da alƙalami, in mun sayar, mu sayar da sani.

Dattawan da ke da ƙarin bayani, musamman sunayen maƙeran da suka yi wa garinmu aiki, su aiko wa sakataren ƙungiya, za mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiya gida lafiya. Wassalam.